Zane a Kan Ƙyaure

Ba ni da kuɗin yadi a shekarar,
sai na ciro ƙyauren ɗakin kakata a Birni,
wanda gara ta cinye wa gindi,
na jingine shi da bango.
Da rana ina zana wa masu aski kawuna a allo,
kowane kai sumul, kowace ƙeya daidai.
Dare kuwa na ƙyauren ne.

Tsahara na fara ɗorawa.
A layin famfo muka haɗu, ƙarfe ukun dare,
sa'ar da ruwa kan tuna da Damagaram.
Bidonta rawaya, nawa ba murfi.
Ta yagi leda ta ɗaure masa baki,
ko kallona ba ta yi ba.
Na zana ta da siririn buroshi,
ina riƙe numfashi kamar mai cire ƙaya.
Ta zo ta gani, ta ce:
"Kyakkyawa ce. 'Yar gidan wa?"

Ranar faɗanmu na fari,
can kan duwatsu, bayan la'asar,
na dawo na yi jifa da buroshi.
Na tsoma hannu cikin jan fentin mota
da Mutari makaniki ya ba ni bashi,
na tsaga mata baki har kunne,
na jera haƙora goma sha tara,
don duk abin da ta faɗa gaskiya ne
kuma kowanne ya yi cizo.

Da muka shirya ban goge ba.
Na dai kwara shuɗi a kanta,
irin bular da take wanki da ita,
ya gangaro ta wuya, ta kafaɗa,
na bar shi ya nemi hanyarsa.
Hannu biyu suka kasa mata, na ƙara na uku:
ɗaya da bido, ɗaya yana kirana,
ɗayan ban san me yake yi ba har yau.

Sai aikin asibiti ya fito mata a Tanut.
Ta ce: "Kai kana nan da kawunan masu aski,
ni ga kawuna yana jiran ka zo gaisuwa."
Na ce bari in ƙarasa zanen.
Layya ta zo, naman ya ƙare,
zane bai ƙare ba.
Motar asuba ta ɗauke ta.

Daren nan na kwaɓa gawayi da baƙin mai,
na shafe rabin fuskar da tafin hannu.
Da ƙusa na karce lambar wayarta a ƙirji,
na soke, na sake rubutawa, na soke.
Can ƙasa, inda gara ta ci,
na sa ƙadangare mai kan mutum
yana gyaɗa kai, yana gyaɗa kai,
bai je ko'ina ba.

Wani mai gilashi ya zo daga Yamai,
ya kira abin da dogon suna na Faransanci,
ya taya jaka ɗari biyu.
Ya nuna rawayan, ya ce me yake nufi?
Na ce bido ne.
Ya rubuta a littafinsa: rana.
Ban sayar ba.

Bara ta zo biki Zango, da yaro a hannu.
Ta tsaya gaban ƙyauren, ta daɗe.
Ta ƙirga haƙoran da yatsa.
"Sha tara kawai?
Ai na faɗa maka fiye da haka."
Ta taɓa baƙin, ya biyo yatsanta.
Baƙin mai ba ya bushewa, ban sani ba sai ranar.
Ta share a gefen zanenta,
ta ce, "Wannan kam ni ce,"
yaron ya ja ta suka fita.

Damina ta matso, ɗaki yana son ƙyaurensa.
Na mayar da shi, fuskar tana duban ciki.
Kullum safe, kafin in fita neman abinci,
sai na sa hannu a bakin nan mai haƙora
in tura.