Wasali Ɗaya

Ran Talata aka cire su, su biyu,
turamen ƙasa na hagu,
a wani ɗaki mai sanyi a Idi-Araba.
Ba su yi gardama ba.
Sun jima suna rawa kamar fasinjan danfo a gargada,
jira suke a ce su sauka.

Likita Morenike ta ɗaga hoton muƙamuƙina ga fitila.
Ta ce, Malam Shekarau, dubi nan.
Ba haƙori ne ya fara ciwo ba, ƙasar da yake tsaye ce.
Dasashi ya janye, ƙashi ya zaizaye.
Jinin da kake tofarwa in ka yi asuwaki,
shekara nawa ke nan?
Na ce ban ƙirga ba.
Ta ce shi ya ƙirga.

Na ce to a dasa min na ƙarfen yau,
ga kuɗin adashina a aljihu.
Ta ce, ka ga yadda ake cike ruwa da yashi a Lekki?
Wa ke aza bulo ran da tifa ta juye?
A bar ƙasa ta zauna. Wata huɗu.
In ta ƙi, mu ƙara.

Wata huɗu!
A Ikko, inda mota ba ta gama tsayawa kake dira,
inda mai gaisuwa ke wucewa kafin ka ce lafiya.

Shekara goma sha tara ina gasa nama
a gefen layin dogo a Agege.
Yanzu hayaƙin nake ci.
Ɗanliti ke ɗanɗana min tsire,
ina karanta gishiri a fuskarsa.
An ce mai haƙuri kan dafa dutse ya sha romo.
Ni an taƙaita min: romon kawai,
da kunu, da faten dankali,
da ayabar da Tasalla ke murƙushewa da cokali
ba ta dubana, don kar ta yi dariya.

Goro ya tafi. Taba ta bi shi.
Ruwan ɗumi da gishiri, asuba da isha'i,
a kurkure a hankali, kar a tofar da ƙarfi.
Da dare, in janareton maƙwabci ya yi shiru,
harshe kan lallaɓa ya je zaman makoki.
Sun sha saɓawa da mamatan, sun sha cizonsa,
amma shi kaɗai ke zuwa kullum.
Ya tarar da rami,
ya tarar da rami,
wata rana ya tarar da tudu mai laushi.

Na koma da wata huɗuna cif.
Ta sake ɗaga hoto, ta daɗe.
Na bayan ya cika, in ji ta. Na gaban da saura.
Wata biyu.
Ban yi mata sallama ba.

A cunkoson Oshodi na huce.
Ta taga na hango wani bene da ya durƙusa,
rodi a waje kamar saiwar da aka tumɓuke,
fentinsa ko dushewa bai yi ba.
Na kai harshe wurin, na ce zauna abinka.

A gida na iske Kyauta, 'yar shekara shida,
ta zubar da na gabanta biyu, tana ta washe giɓi.
Nata na tsirowa, ko sisi ba mu biya ba.
Na ce ɗauko alli, rubuta min haƙori.
Ta karkace kai, ta ciji harshe,
ta rubuta haƙuri.
Uwarta ta ce goge, kin yi kuskure.
Na ce bar shi haka.
Wasali ɗaya ne tsakaninsu,
shi nake tafiya a ƙasa tun watan Rajab.