Sha Biyu da Ɗigo Bakwai

Shekara uku ke nan motata ba ta taka kwalta ba,
tana tsugunne kan bulo a bayan Ƙofar Ruwa,
inda masu gyara ke zubar da baƙin mai.
Na cire kujeru goma sha takwas,
na shimfiɗa katifa inda fasinjan Legas ke gyangyaɗi a da.

A rufinta farantan sola biyu,
ɗaya ya tsage a kusurwa tun ƙanƙarar bara.
Wurin Uchenna na ɗauko su a Sabon Gari, rabi hannu, rabi bashi.
Kullum kafin in sha koko
nakan hau da tsumma in share musu ido,
don kashin tattabara guda
yakan cinye mini hasken rabin sa'a.

Batura biyu ne ƙarƙashin gadona,
na tirela, tsofaffi irina.
Ina ba su ruwa kamar mai kiwon raguna.
Agogonsu ɗan mitsitsi, jajayen lambobi,
shi nake fara gaisarwa kafin kowa.
Sha biyu da ɗigo bakwai: yau mu attajirai ne.
Sha biyu da ɗigo ɗaya: a ɗaure ciki.
In ya gangara ƙasa, inbata ta kama kuka
kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwa.

Da mudu nake auna wuta.
Fanka da rabonta, dikoda da nata,
ƙaramin firji kuwa ba ya azumi,
a cikinsa allurar sugana ke kwana,
kwalba biyu bayan ƙullin zoɓo.

Kwanon satalayit na ɗaure a tsanin baya.
Iskar damina na taɓa shi, ya yi fushi ya kau da kai.
Sai in hau da sifana mai lamba goma,
Tasi'u ɗan mai faci na ciki yana leƙen allo:
"Baba Ilu, dama kaɗan! Ya kawo! Kash, ya ɗauke!"
Faɗin ƙwayar gero ne tsakanin ƙwallon Turai da baƙin allo.
Wani ƙarfe can bayan gajimare
wanda ban taɓa sa shi a ido ba,
ga ni da silifas ɗaya ina lallashinsa.

Ran Laraba hadari ya kwana uku bai ɗaga ba,
rana ta yi mana rowa.
Makanikai tara sun toshe ƙofa, kowa da ɗarinsa,
an tafi hutu kunnen doki,
agogo ya ce sha ɗaya da ɗigo tara.
Sai ga Hansatu mai awara, mayafi jiƙe sharkaf,
waya a mace a hannunta.
Ɗanta na kwance a asibitin Murtala,
ƙaninta zai kira in an sami jini.

Na dubi firji, na dubi allo, na dubi wayar.
Jakin nan ba zai ɗauki kaya uku ba.
Na zare dikoda.
Sagiru ya zage ni har kakana na Gezawa.
Na mayar wa kowa kuɗinsa,
har wanda bai biya ba ya miƙo hannu.
Fanka ma na kashe. Sauro suka shigo da gayya.

Muka zauna cikin duhu,
ni a kujerar direba, ita a bakin ƙofa,
ɗigon haske kore yana ƙiftawa tsakaninmu,
firji na gurnani ƙasa-ƙasa.
Ɗaya saura kwata wayar ta yi ƙara.
Ban ji abin da aka faɗa ba,
na dai ga ta gyara ɗaurin zane
ta tsallake kwata da gudu.

Da safe, sha ɗaya da ɗigo shida.
Na hau rufi da tsummana,
sama ta ɗan washe ta wajen Fagge.
Har yau ban tambayi wa ya ci wasan ba.
Cajarta na nan rataye a madubi,
kwana biyar, ba ta dawo ba,
kuma ban ga hayaƙin awara a bakin titi ba.