Jirgi Mai Zare

Shekara talatin da ɗaya na tsaya a nan
da sanduna biyu masu haske a hannu,
ina kiran jirage kamar mai kiran shanu mashaya:
taho, taho, karkata hagu, tsaya.
Suka taho, suka tsaya,
suka cinye mini kunnen dama,
na hagun ma rabi suka rage.

A unguwarmu, nan arewacin Kito,
ba a ƙarasa zance.
Kana tsakiyar gaisuwa ƙarfe zai ratsa saman rufi,
ka riƙe sauran maganar a baki kamar kunu mai zafi
har ya wuce.
Marigayiya Zoila takan tare kofuna da tafin hannu
ba ta ko ɗago kai daga tukunya ba.

To, an kwashe jiragen, an kai su gabas, bayan tudu.
Ciyawa ta faso kwalta
ba ta nemi izinin hasumiya ba.
Inda tayoyi suka bar baƙin zane
wata mata ta kafa tebur tana gasa masara.
An haƙa tafki. An kafa benci.
Tsofaffi na miƙe ƙafa a inda da,
in ka taka, sai an ɗaure ka.

Ranar dashe, Maritza Toapanta, ma'aikaciyar lambu,
ta miƙo mini ɗan icce a baƙar leda,
ta kwatsa ihu a kunnen hagu:
"Don Eleuterio, tsuntsaye sun dawo! Kana ji?"
Na duba. Ga su kuwa a kan waya,
baki na buɗewa, yana rufewa.
Na ce mata ina ji.
An kawo nama bayan haƙori ya zube,
amma ba a mai da kyauta.

Na ce zan zaɓi ramina da kaina.
Na auna da ƙafa, taku ɗari biyu daga tsohon shinge,
inda mutane kan maƙale yatsu a waya
suna kallon nasu na hawa matakala.
Shekarar da bankuna suka rufe ƙofa da kuɗinmu a ciki,
Rosío tana cikin masu hawan,
da jaka ɗaya da takalmin aro.
Ta bar mana Wilmer yana rarrafe.
Ni na ɗaga sanda.
Ni na ce wa matuƙin hanya ta buɗe.
Aiki ne. Hannuna bai yi rawa ba
sai da dare, a kan cokali.

Ta ce shekara biyu, lemon Sifen kawai za ta tsinka.
Lemon bai ƙare ba har yau.
A nan na dasa iccen.

Yanzu Agusta ne, iska na gangarowa daga Pichincha
tana kumbura rigunan mutane.
Wilmer ya zama uba, ya yi tumbi.
'Yarsa Nayeli ta ja ni tsakiyar titin jirgi,
kan farar lambar da fenti bai gama barin ta ba,
ta taɓa mini kunne, tattaɓa-kunne ta gaskiya,
ta nuna sama.

Jirgin leda ne, ja da rawaya,
da jelar tsumma daga tsohon siket ɗin Zoila.
Ya yi tangaɗi, ya noƙe, ya sake cillawa
har ya kai tsayin da na sani,
tsayin da suke naɗe tayoyi su manta da mu.
Sai gabana ya faɗi.

Yarinyar ta danƙa mini sandar zaren,
ta ruga wajen mai masara.
Na tsaya da abin yana fizgar yatsuna.
Ban taɓa riƙe jirgi ta wannan gefen ba.
Na fara naɗewa a hankali,
taho, taho,
kaɗan hagu.