Minti Biyar a Shagon Herminia

Matakala ɗari da sittin da huɗu
daga bakin tashar jiragen ruwa zuwa shagon Herminia.
Da gangan na ƙirga su,
don zuciya ta sami abin yi ban da dukan ƙirji.

A Valparaíso gidaje kan hau kafaɗar juna
kamar yara masu leƙen wasa ta saman katanga.
Shagon nan shi ne autan da aka ɗaga sama.
Da rana burodi da gahawa,
daren Laraba a tura tebura jikin bango,
a kafa makirufo a kan sandarsa gurguwa
da aka tokare da tsohon littafin bashi.

Nibaldo ke riƙe da takardar sunaye.
Dokarsa ɗaya ce: minti biyar,
ko kai wane ne, ko ɗan wane ne.
Ya sa ni na bakwai.

Ximena ta buɗe fage da jitarta,
tsirkiya ɗaya ta tsinke tun jiya,
ta ce sauran biyar ɗin sun yi alkawarin rufa asiri.
Sun kuwa rufa.
Tsoho Eulogio, mai sayar da kifi a gindin tudu,
ya rufe ido ya ja waƙa,
a tsakiya baiti ya ɓace masa,
ya yi dariya, muka yi, ya koma farko.
Wata ma'aikaciyar jinya da takalmin aiki a ƙafarta
ta karanta wa wayarta wasiƙa,
mu dai mun saci ji ne.

Sai sunana.

Ni da nake ƙirga kwantena tun asuba,
ban taɓa ɓata lissafi ba,
ga ni na kasa ƙirga taku huɗu.
Makirufo na warin numfashin mutum shida.
Takarda na rawa a hannuna
kamar ta ji wani kiɗa da ban ji ba.
Baki ya bushe ƙamas.

Na fara. Waƙar ubana ce,
mai ɗinkin koma a bakin teku,
mutumin da magana ke yi wa tsada.
Akwai layi guda a ciki,
wata uku ina sassaƙa shi
a motar haya, a layin biyan albashi, a kan filo.
Duk sauran waƙar hanya ce zuwa gare shi.
Na iso, na ja numfashi, na buɗe baki,

injin gahawa ya ja tsaki,
dogo, mai tururi,
ya haɗiye layin ɗungurungum.

Aka tafa mini, tafin ladabi.
Nibaldo ya dafa ni ya kira na takwas.

Da taro ya watse ina ɗaga kujeru,
don kada in fita tare da kowa,
sai murya daga wajen wanke-wanke:
“Kai, na bakwai.
Me ka ce lokacin da injin nan ya yi rashin kunya?”
Clorinda ce, kumfa har gwiwar hannu.

Na ce ba komai.
Ta kashe famfo. Ta jira.

Na ce: hannun ubana ya fi bakinsa sanin sunana.

Ba ta tafa ba, hannunta da sabulu.
Ta dubi ruwan da ke tsiyaya a rariya,
ta ce, “Sake faɗa.”
Na sake.
Ta miƙo mini tsumma, ta turo kofuna,
muka goge su ba mai cewa uffan.

Da na fito, fitilun jirage na lilo a ƙasa can,
wani kare ya raka ni rabin hanya ya gaji.
Sai a gindin tudu na tuna
ban ƙirga matakala ko ɗaya ba,
takardar kuma na baro ta
a jiƙe, kusa da sabulu.