Kashi Sittin da Uku

Ƙarfe tara na dare a Daura,
janareto na tari bayan ɗakin ajiyar takardu,
ni da kwamfuta mun zuba wa juna ido
kamar masu jiran mota ta cika a tashar Mai'aduwa.

Hoton huhun Lantana zan tura Katsina,
da sakamakon jininta, shafi goma sha ɗaya.
Likita Mansir na can, ya ce ba zai kwanta ba.
Amma kafin fayil ya fita sai an yanka shi gutsi-gutsi,
kowane gutsure da kwaɗonsa,
a tura ɗaya, a tsaya sai can sun ce ya iso,
sannan a saki na bayansa.
An ce mini layinmu titi ne mai faɗi.
To, ƙofar da ke bakinsa ta mutum ɗaya ce.

Kashi sittin da uku. Ya cije.
Shayina ya yi fata.

Sagir maigadi ya leƙo da tocila:
"Ɗahiru, ɗauka da wayarka ka aika mana,
minti biyu an wuce wurin."
Bai yi ƙarya ba.
Na san maɓallin da zan taɓa
fayil ya tuɓe riga ya zura da gudu,
ya bi ta hannun da ban sani ba
ya kwana a wayar da yara ke wasa da ita.

Lantana awara take soyawa a bakin makaranta.
Ɗazu ta dafa teburina ta ce,
"In aka ji sunan ciwon nan, wa zai sake miƙo mini kwano?"
Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Sai dai ina jin tarinta daga nan,
ta bango biyu.
Duk mintin da kwaɗon nan ya ci
daga numfashinta ake cirewa,
ba daga nawa ba.
Wannan lissafin ba a koya mana shi a kwas ba.

Na raba kayan biyu.
Takardun jini ba nauyi, suka shige a kulle.
Na kira Mansir, ban faɗi suna ba:
"Fara da waɗannan, hoton na hanya."

Man janareto saura rabin galan.
Sagir ya tafi aro wajen mai cajin waya.
Na jawo kujera kusa.

Sittin da huɗu.