Mai Tsaron Ruwa

A Shika, ƙarfe tara saura kaɗan,
muka kishingiɗar da Malam Tanimu,
ba kwance ba, a zaune,
kamar mai jiran wanzami ya gama wasa aska.
Kafaɗar dama ce ta kawo shi.
Shekara arba'in da biyu tana jan zare a Limancin Kona
har jijiya ta gaji, ta yage.

Kafin barci ya ɗauke shi ya ce mini,
"'Yata, kafaɗa taku ce.
Amma aska takwas a kaina take,
ban taɓa zana ta a takarda ba.
Ki bar mini ita yadda kika tarar."

Su Dakta Magaji suna can wajen ƙashi.
Ni a bayan labule nake, ta wajen kai,
ni da ledar ruwa da ke rataye,
tana ɗiga, ina ƙirgawa.

Wanda ya taɓa haya a bene a Sabon Gari ya sani:
in famfo ya yi sanyi
na ƙasa na cika bokiti,
na sama sai kukan iska a bututu.
Haka jikin mai barci yake in an zaunar da shi.
Jini ɗan gangare ne,
ƙwaƙwalwa kuwa a bene take haya.
Ma'aunin da ke damtse labarin ƙasa yake ba ni,
sai na cire wa matakala kasonta.

Tun daren jiya bai kurɓi komai ba.
Faci biyu na manna masa a goshi
su gaya mini iskar da ke isa ciki.
Sittin da takwas.
Sittin da ɗaya.
Hamsin da biyar.

"Sauke awon jinin kaɗan," in ji Magaji,
"ja ya rufe mini madubi."
Na ce a'a.
Ban ɗaga murya ba, ban kuma sake faɗa ba.

Na murza, ɗigo ya koma zare.
Kofi guda, ba ƙari, sannan in saurara.
In na yi rowa, sunayen jikokinsa su bushe.
In na yi ɓarna, huhu ya jiƙe
kamar fadamar Galma a watan Agusta.
Tsakanin nan akwai 'yar siririyar hanya,
faɗinta bai wuce ramin allura ba.

Zuciya ta karɓa, ta buga da nauyi.
Na ƙara ɗigon maganin da ke tsuke jijiya.
Sittin.
Sittin da shida.
Sai lokacin na ji ƙafata ta yi tsami.

Bayan azahar ya buɗe ido.
"Malam, yau wace rana ce?"
Shiru.
"Ina ne nan?"
Shiru. Yawu ya ƙafe a bakina.

Ashe wuyan rigata yake kallo.
Ya daɗe yana kallo,
sannan, da muryar da bututu ya kankare,
ya ce, "Wa ya yi miki wannan?
Ɗinkin keke ne.
Kuma ya karkace ta hagu."

Na rubuta a takarda: ya farka garau.
Na fita neman ruwan da zan sha.