Tayoyin Nafi'u

Ranar kasuwar Garki ya kawo ta,
ja, mai ƙofa biyu, cikinta na shafar ƙasa
kamar ƙadangare a kan katanga.
A baya, a-kori-kura ɗauke da tayoyi huɗu,
faɗin kowacce taƙi ɗaya da yatsu uku,
wili na ƙyalli kamar sabon faranti.

Shekara ashirin da biyu ina faci a gindin darbejiyar nan,
ban taɓa ganin noti mai makulli ba.
Jak ɗina ya ƙi shiga ƙarƙashinta
sai da muka yi rami da fartanya.

Na ce, Nafi'u, ta gaba za ta ci bodi in ka karya kwana.
Ya ce, Baba Ilu, ɗaura, haka ake yayi a Fatakwal.
Na ɗaura.
Na sa guduma na lanƙwasa leɓen ƙarfen,
fenti ya tsage, ya kau da kai
kamar ana yi wa ɗansa sakiya.

Hanyar ƙauyensu layi biyu ce da amalanke ya zana,
tudu a tsakiya.
Motar ta hau, ta zauna kamar kaza a kan ƙwai,
tayoyin na juyi, suna watsa wa gero rairayi.

Bayan magariba suka wuce ta gabana:
bijiman Mati, igiya, sannan jar mota,
Nafi'u riƙe da sitiyari, gilas a rufe.

Na haska fitila.
Ko ɗaya ba ta sace ba.
Ni dai aikina ya yi kyau.